Mantara a Kasuwar Neman Arziki

A ƴan shekarun nan, wayoyin salula sun cika da gajerun bidiyo, da Faransanci da Ingilishi, masu alƙawarin cewa duk wanda ya nanata wata addu'ar Hindu sau 108 kowace safiya, kuɗi za su biyo shi har gida. Ya kamata malamai su dubi wannan haja da idon basira, domin ɗalibanmu na cikin masu kallonta.

A addinin Hindu, mantara kalma ce ko baiti, galibi da harshen Sanskirit, wanda mai ibada ke maimaitawa yana jan carbi mai ƙwaya 108 don hankalinsa ya natsu. Ɗaya daga cikin mafi shahara, wato Gayatri, tana cikin littafin Rig Veda, kuma hasken hankali take roƙo. Gaskiya ne mabiya addinin suna neman wadata wurin Lakshmi, abar bautarsu ta arziki, har ƴan kasuwa da dama sukan buɗe sabon littafin lissafi a bikin Diwali. Sai dai malamansu sun jera burin rayuwa guda huɗu, suka sa dukiya, wadda suke kira arta, a bayan darma, wato gaskiya da sauke nauyin da ke kan mutum. Masu bidiyon sun jefar da darma, sun riƙe arta kaɗai. Nan ne babban aibinsu: sun ɓata fuskar addinin da suke talla da sunansa, sun kuma koya wa yaro cewa arziki a fatar baki yake.

Mu ma mun san ƙidaya cikin ibada. Carbinmu ƙwaya 99 ne, kuma a Madarumfa jama'a na ziyartar kaburburan waliyyai 99 da ke kewayen tabki, wurin da Nijar ta gabatar wa UNESCO a 2006. Wuridin Tijjaniyya kuwa ba a ɗaukarsa sai da izinin muƙaddami, bisa sharuɗɗa irin su kiyaye salla da biyayya ga iyaye. Duk da haka, ba mu rasa masu sayar da laƙanin kuɗi ba, waɗanda suka raba zikiri da tarbiyya kamar yadda masu bidiyon suka yi wa mantara.

Saboda haka, idan ɗalibi ya kawo irin wannan bidiyo aji, kada malami ya tsaya ga tsawa. Ya tambaye shi: wa ya koyar da wannan lafazi, da wane sharaɗi, kuma aljihun wa kallonsa yake cikawa? Hausawa dai sun riga sun ce zomo ba ya kamuwa daga zaune.