Agogo Ba Ya Ƙarya, Mai Karanta Shi Ne Ke Kuskure

Masu raina lissafin lokaci a harkar sukuwa suna da magana guda da ba sa gajiya da ita: wai doki da doki yake tsere, ba da agogo ba. Ni ban yarda ba. Wannan magana ce ta wanda ya raba nisa da daƙiƙa, ya ga sakamakon bai yi ma'ana ba, sai ya ɗora wa agogo laifi.

Sana'ar ta daɗe. Admiral Rous ya tsara jadawalin nauyi bisa shekarun doki da nisan tsere a Ingila cikin shekarun 1850. Phil Bull ya kafa Timeform a 1948. A Amurka Andrew Beyer ya fitar da littafinsa Picking Winners a 1975, kuma tun 1992 jaridar Daily Racing Form ke buga alƙalumansa. Dukkansu tambaya ɗaya suke kokawa da ita: ta yaya za a auna dokin mita 1,200 da na mita 2,400 a ma'auni guda?

Matsakaicin gudu ba ya amsa ta. Secretariat ya cinye mil ɗaya da rabi na Belmont a 1973 cikin minti 2 da daƙiƙa 24, wato kusan mita 16.8 a daƙiƙa. Dokin gajeren zango da ya gama mita 1,200 cikin daƙiƙa 70 ya haura mita 17. To, sai a ce ya fi Secretariat? Haba!

Gyaran farko shi ne sanin cewa daƙiƙa ba ta da daraja ɗaya a ko'ina. A tseren daƙiƙa 70, guda ɗaya kusan kashi 1.4 cikin ɗari ce. A na daƙiƙa 150 ba ta wuce 0.7 ba. Shi ya sa masu handikaf, wato masu raba wa dawakai nauyi, a Ingila ke kimanta ratar tsawon doki ɗaya a matsayin fam uku na nauyi a mita 1,000, fam biyu a mil ɗaya, fam guda a mil biyu. Gyara na biyu fili ne. Ana gwada lokutan ranar da abin da dawakai masu wannan aji suka saba yi a wurin. In duk sun yi jinkirin daƙiƙa ɗaya, laka ce ko iska, sai a cire ta.

Har nan ina tare da Beyer. Inda na rabu da mabiyansa shi ne bauta wa lamba guda ta ƙarshen tsere. Asirin doki yana cikin yadda ya raba ƙarfinsa zango-zango. A Kentucky Derby ta 1973, Secretariat ya yi rubu'in mil na farko cikin daƙiƙa 25.2, na biyu 24, sannan 23.8, 23.4, ya rufe da 23. Kowane zango ya fi wanda ya gabace shi sauri, alhali a filin ƙasa na Amurka dawakai kan fara da wuta ne su ƙare da haki. Wanda ya karanta wannan jeri ya riga ya san ƙarin nisa ba zai dami Secretariat ba. Sham kuwa, da ya zo na biyu a ranar, ya yi kafaɗa da kafaɗa da shi a farkon Belmont, inda aka ci kashi uku cikin huɗu na mil a minti 1 da daƙiƙa 9.8. Sauri ya haifi nawa: Sham ya ƙare na ƙarshe, Secretariat ya ba na biyu ratar tsawon doki 31.

Don haka in an kawo mini dokin da zai ƙara nisa, lambarsa ta ƙarshe ba ita nake fara nema ba. A ba ni lokacin mita 400 na farko da na ƙarshe. Wanda ya rufe da sauri bayan an buɗe da zafi, shi zan ɗora wa nauyi.