Horo a ofishin mallakar fasaha: ya kai ka bar ɗakin gwaji dominsa?

Kana tsakiyar digiri na uku a kimiyya, sai ga sanarwar gurbin horo a ofishin da ke yi wa ƙirƙire-ƙirƙiren jami'arku rajistar mallaka. A Najeriya ma akwai irinsu, hukumar NOTAP ta fara kafa su a jami'o'i tun 2006. Kada daɗin bakin sanarwar ya ɗebe ka. Ana yawan buga misali da fasahar Cohen da Boyer ta haɗa ƙwayoyin gado, wadda ta kawo wa Stanford da Jami'ar Kalifoniya sama da dala miliyan 250. Gaskiya ne, amma irin wannan sai an tona. Da yawa daga ofisoshin ko kuɗin gudanarwarsu ba sa mayarwa.

Aikin kansa ba wani armashi: tono tsofaffin takardun rajista, a ga ko wani ya riga malaminku. To amma a nan ribar take. Za ka gane cewa a Turai, idan ka baje sakamakonka a taron masana kafin a shigar da takarda, shi ke nan, ƙirƙirar ta tashi daga sabuwa. Amurka kan ɗaga ƙafa na wata 12. Ɗalibai nawa aka taɓa gaya wa haka a aji?

Inda nake da ja shi ne lokaci. Ƙwayoyin da kake reno ba su san kana ofis ba. Karɓi horon in bai wuce yini guda a mako ba, bayan gwaje-gwajenka sun kankama, kuma da amincewar mai duba aikinka a rubuce.