Matar da Ahalari Bai Ambata ba: Nazari a kan Babin Haila da Shekarun Ɗaukewarta

A makarantun ilimi na karkarar arewacin Kano, daga Minjibir zuwa Ɗambatta, Makoɗa da Kunci, mata da yawa ba sa wuce littafin Ahalari a karatun fiƙihu. Saboda haka abin da Shehu Abdurrahman al-Ahdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16, ya faɗa a babin haila, shi ne gejin saninsu, abin da ya yi shiru a kansa kuma sai ya zama tamkar babu shi.

Marubucin ya kasa mata gida uku: mai farawa, mai al'ada da mai ciki. Ya ba mai farawa kwana 15, ya ce mai al'ada ta ƙara kwana 3 a kan al'adarta matuƙar ba ta haura 15 ba, sannan ya koyar da harhaɗa kwanaki idan jini yana yankewa. Wannan tsari ne mai kyau ga mafari, kuma ba a zargin taƙaitaccen littafi da taƙaitawa. Sai dai akwai mace ta huɗu da ba ta shiga rabon ba, wato wadda ta doshi shekarun yanke ƙauna daga haila, al'adarta ta rikice, ta zo wannan wata ta tsallake uku. Laifin namu ne, masu karantarwa, da muke rufe babin a inda matani ya tsaya.

Mazhaba ba ta manta da ita ba. Alƙur'ani ya ambace ta a Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 4 da Suratun Nur aya ta 60. Risalar Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 386 bayan Hijira, ta kawo iddarta ta wata 3. Muhtasar na Halil ya ƙayyade haila da jinin macen da a al'adance take iya ɗaukar ciki, masu sharhi irin su Dardir kuma suka fayyace: kafin shekara 50 haila ce, daga 70 ba haila ba ce, tsakaninsu kuwa a tambayi mata. Hanafiyya sun tsaya a 55, Hanbaliyya a 50. Saɓanin ya nuna cewa adadin ijtihadi ne da aka gina a kan lura da halin mata.

A nan nake da gyara uku ga yadda muke karantar da babin.

Na farko, lissafin shekaru. Dattijuwar ƙauye sau da yawa ba ta da takardar haihuwa, da wata yunwa ko naɗin wani sarki take kirdadon shekarunta. Malamin da ya ce mata hukunci ya rataya a kan 50 bai warware mata komai ba. Abin da zai amfane ta shi ne ƙa'idar tambayar mata masana, wadda a yau ta haɗa da ungozoma mai horo da likitar mata.

Na biyu, idda. A Muwaɗɗa an ruwaito hukuncin Sayyadina Umar, Allah Ya yarda da shi, cewa wadda aka saka, hailarta ta ɗauke ba a san dalili ba, za ta jira wata 9 sannan ta ƙara 3. Mace mai shekara 46 da aka saka tana iya faɗawa cikin wannan hukunci. Idan ba a karantar da shi ba, sai a ɗaura aure cikin idda, ko a tsare baiwar Allah fiye da abin da shari'a ta ɗora mata.

Na uku, wanda ya fi nauyi, shi ne rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa yawancin mata hailarsu tana ɗaukewa tsakanin shekara 45 da 55, kuma ana tabbatar da hakan bayan wata 12 a jere babu jini. Jinin da ya dawo bayan haka, a wurin likitoci, alama ce da ake bincika, domin yana iya zama sankarar mahaifa ko ta bakin mahaifa, wadda ita ce ta biyu a yawa cikin sankarorin matan Najeriya. Mu kuwa sai mu ce istihala ce, ta yi alwala ta yi salla, mu sallame ta. Fatawar daidai ce a babin ibada, amma fuƙaha'u da kansu jinin ciwo suka kira shi. Wanda ya ce ciwo ne, ya kamata ya ce a nemi magani, tun daga asibitin Bichi ko Ɗambatta har zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, domin kiyaye rai yana cikin manufofin shari'a guda 5.

Haka nan zafin da ke tasowa jiki, zufar dare, rashin barci da saurin fushi, duk sakamakon raguwar sinadarin da ƙwan mace ke fitarwa ne. Idan malamai suka yi shiru, sai a fassara su da iska ko sammun kishiya, kuɗin gyaɗa da gero ya ƙare a hannun boka. Alhali a wannan shekaru ne kulle ke sassautawa, mace ta ɗauki roron gona, kasuwa da renon jikoki.

Muna da abin koyi a gida. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, dattawan mata ta naɗa jajis, ta ɗora musu malfa, suka riƙa jagorantar 'yan taru daga ƙauyuka zuwa karatu. Ta ɗauki wannan shekaru lokacin jagoranci. Shawarata ga sassan nazarin addini ita ce a rubuta ɗan ta'aliƙi da Hausa, boko da ajami, a haɗa shi da babin haila na Ahalari, malaman fiƙihu da likitocin mata su duba shi tare, malamai mata kuma su karantar da shi. Allah ne Mafi sani.