An Cailín Ciúin: Fim Ɗin 'Yar Riƙo da Ya Sace Mini Zuciya

Duk wanda ya ce zai fahimci mutanen ƙasar Ayalan ta hanyar fim, ni dai kafin ya rufe baki zan ce masa ya nemi An Cailín Ciúin, wato yarinya mai shiru-shiru. Wallahi fim ne! Colm Bairéad ne ya ba da umarni, ya fito a 2022, kuma an ciro shi ne daga gajeren littafin Claire Keegan mai suna Foster.

Shekarar 1981 ce. Cáit, 'yar shekara 9, tana gidan da 'ya'ya suka yi yawa, uwa da tsohon ciki, uba kuma caca da giya sun ɗauke masa hankali. Sai aka kai ta riƙo na ɗan lokaci wurin Eibhlín, 'yar'uwar uwarta, da mijinta Seán, manoma masu shanun tatsa a yankin Waterford. Uban ya sauke ta, ya ja mota ya tafi da akwatin kayanta bai ko lura ba. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa bayanin riƙo. Mun san yaron da ke tsaye bakin ƙofa yana jiran ya ga irin hannun da ya faɗa.

Abin da ya kashe ni shi ne yadda fim ɗin yake nuna ƙauna ba tare da kowa ya furta ta ba. Cáit ta yi fitsarin kwance a daren farko, Eibhlín ta ɗora laifin a kan katifa don kada yarinyar ta ji kunya. Ta yi mata wanka, ta taje mata kai, ta riƙa zuwa rijiya da ita. Seán kuwa, Allah sarki, da farko ko kallon kirki ba ya yi mata. Ran da ta ɓace masa a gona ya daka mata tsawa, daga baya ya ajiye mata biskit guda ɗaya a kan tebur ya wuce, bai ce uffan ba. Nan hawaye suka zubo mini. Sai daga baya, ta bakin wata maƙwabciya mai tsegumi bayan zaman makoki, za ka san dalilin tsoronsa, da kuma mai kayan da aka sa wa yarinyar. Ba zan faɗa ba, ku kalla da kanku.

Catherine Clinch, wadda ta fito a Cáit, wannan ne fim ɗinta na farko, amma idanunta kaɗai sun ishe ka. Carrie Crowley da Andrew Bennett ma ba a magana.

Ga kuma batun harshe, wanda shi ne ƙashin bayan fim ɗin. Yawancinsa da Gelik aka yi, harshen asali na ƙasar, wanda mulkin Ingila da babbar yunwar da ta fara a 1845 suka durƙusar. Yau shi ne harshen hukuma na farko, amma ƙidayar 2022 ta nuna kusan mutum 72,000 ne kawai ke magana da shi kullum a wajen makaranta. Ka lura da kyau: uban Cáit da Turanci yake magana, gidan da ta samu kulawa kuwa da Gelik. Darakta bai yi huɗuba a kai ba, ya bar kunnenka ya gane.

Fim ɗin ya ci kyauta a bikin fina-finai na Balin, sannan a 2023 ya zama fim na farko cikin harshen Gelik da ya shiga jerin biyar na ƙarshe a rukunin fina-finan ƙasashen waje na Oscar. Fim ɗin yaƙi na Jamus ne ya ɗauke kyautar, kuma har gobe ban yarda da wannan hukunci ba. In kun gama da shi, ku bi da Kneecap na 2024, ku ji yadda samarin Belfast ke rera waƙar gambara da wannan harshen.