Sassaƙen Maɗaci

Wanda ya tsuguna gaban tabarmar mai magani a kasuwar Azare, ƙullin ɓawo da saiwa kawai zai gani, duk launin ƙasa. Ainihin aikin tun a daji aka gama shi.

Mai maganin sammako yake yi, gizago a kafaɗa, wato ɗan gatarin nan na masassaƙa mai baki a kwance. Maɗaci bishiya ce mai son damshi, don haka fadama yake nufa, irin wadda kogin Jama'are ke shayarwa har zuwa tsohon garin Katagum. Ba ya taɓa ƙaramar bishiya. Sai ya sami wadda ta manyanta, ya yi bisimilla, ya sassaƙi kamar faɗin tafin hannu ta gabas, ya zagaya ya ɗebi wani ta yamma. Tsakaninsu kuwa ya bar shi lafiya lau.

Nan ne abin ke burge ni. A ƙarƙashin ɓawo abincin da ganye ya haɗa yake gangarawa zuwa saiwa. Malalaci, da ke ƙyashin takawa zuwa bishiya ta biyu, kwashe ɓawon yake yi zagaye guda ya cika buhu, baɗi a tarar da bishiyar ta bushe a tsaye. Gwani kuwa yakan damƙo laka ya shafe gurbin, kamar mai ɗaure wa yaro rauni.

Sannan ya juya sassaƙen. Cikinsa ja ne. Ya ɗan taɓa a harshe, ɗacin da ya ba bishiyar sunanta ya tabbatar masa bai yi kuskure ba. A gida a inuwa yake shanya shi, iska na ratsawa, don kada ya yi fumfuna. Wani a daka a tankaɗe, wani a yi jiƙo, wato a bar shi ya kwana cikin ruwa, wani a dafa da 'yar jar kanwa, ana ba masu ciwon ciki da zazzaɓi.

Kada a raina ɓawon itace. Kwinin ma daga ɓawon sinkona, bishiyar Kudancin Amurka, masana biyu a Faransa suka tace shi a 1820. Abin da suka ƙara shi ne awo, kuma awon ne ya fi komai wuya a kan tabarma.

"Baba, nawa zan sha?"

"Tukuna, ɗana. Kai ne ko maiɗakinka? Tana da juna biyu? Kwana nawa ana jinyar?"

Sai ya ji amsa yake ɗibar gari da yatsu uku. In ya ga ido ya yi rawaya ko ƙafa ta kumbura, ya mayar da ƙullin ya ce a wuce asibitin tarayya na Azare a auna jini.

Bayan damina biyu ko uku yakan bi ta gindin maɗacin nan, ya shafa gurbin da yatsa, ya ga ko sabon ɓawo ya haɗe.