Lifidi, Baka da Bindiga: Bitar Littafin Smaldone daga Bakin Kogin Haɗeja

Gardamar da samari ke yi a majalisa da Facebook kan wace ƙasa ce ta fi zaratan sojoji, SAS na Ingila ko Navy SEALs na Amurka ko Spetsnaz na Rasha, tsohuwar gardama ce da ta sake riga. Kakanninmu sun yi irinta a kan dawakin Kano da na Barno, da 'yan bakan Ningi, da jaruman Haɗeja. Mai son ya shiga wannan gardama da hujja a hannu, akwai littafin da ya kamata ya fara bi ta kansa, wato Warfare in the Sokoto Caliphate na Joseph P. Smaldone, wanda maɗaba'ar Jami'ar Cambridge ta buga a 1977. Ya kusa shekara hamsin, amma har yau duk mai rubutu kan yaƙi a ƙasar Hausa ta ƙarni na 19 sai ya leƙa shi.

Kashi biyu marubucin ya yi wa littafin. Na farko tarihi ne: yadda ake yaƙi kafin jihadi, zamanin jihadin kansa, tsarin runduna bayan daula ta zauna, ganuwa da ribaɗi, sai kuma cinikin bindiga da shigowarta har zuwa 1903. Kashi na biyu nazari ne kan abin da yaƙi ya yi wa sarauta da zaman jama'a. A ƙarshe ya jero sarautun yaƙi da kalmomin yaƙi na Hausa, kuma wannan jeri kaɗai ya isa ya sa malamin Hausa ya nemi littafin.

Abin da ya fi burge ni shi ne Smaldone bai yarda kwarjini ya rufe masa ido ba. A wancan zamani 'yan lifidi da 'yan sulke su ne zaratan runduna. Tarihin Kano ya ce tun zamanin Sarki Kanajeji aka kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Kaya ne masu tsada, dokin da zai ɗauke su ma sai an ba da bayi da dama kafin a same shi, don haka sai sarki da manyan hakimai ke iya ɗaura wa mutum su. Su ke kewaye da sarki, su makaɗa ke wasawa, su baƙo ke gani ya tafi da labari. Denham, Baturen da ya isa Barno a 1823, ya cika shafuka da bayanin mahayan Shehu Laminu masu sulke. To amma me suka yi a fagen fama? Nan littafin ya kai mu Tabkin Kwatto a watan Yuni na 1804. Sarkin Gobir Yunfa ya zo da dawaki masu yawa, har da 'yan lifidi, jama'ar Shehu Usmanu kuwa dawakinsu ba su wuce ashirin ba, yawancinsu a ƙasa suke da kwari da baka. Gobirawa aka kora. Mutanen da ba su da makaɗi ko ɗaya suka tarwatsa waɗanda ake yi wa kirari.

Marubucin bai tsaya a nan ya ce baka ta fi doki ba, kuma wannan ne ya raba shi da mai ba da labari a dandali. Ya nuna cewa masu jihadin da kansu, da zarar mulki ya zo hannunsu, sun koma kan doki, suka tara barade da 'yan lifidi irin na waɗanda suka kayar. Daula mai faɗi tana bukatar mai saurin kai ɗauki da mai kai hari ya komo da ganima. Sai dai doki yana da iyakarsa. Ba ya hawa ganuwa, ba ya jure ƙudan tsando na kudu, duwatsu na karya masa lago, damina kuma na ɗaure shi a turke, shi ya sa rani ne lokacin yaƙi. Ɗan lifidi kuwa, da nauyin audugar da ke jikinsa da jikin dokinsa, in ya faɗi sai an tashe shi.

Littafin na daular Sakkwato ne gaba ɗayanta, Haɗeja ɗaya ce cikin masarautu da yawa da ya ratsa. Duk da haka ban ga inda ma'auninsa ya fi zama daidai ba kamar nan. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ga kogi, ga fadama mai ciyawa da ruwa har tsakiyar rani, wato abin da mai kiwon doki ke nema. Ga ta kuma a bakin iyaka, Barno da Gumel da Bade duk a maƙwabtaka, don haka takobi bai cika daɗewa a kube ba. A wannan ƙasa Sarki Buhari ɗan Sambo ya hau gado a 1848. Da ya sa aka kashe ɗan'uwansa Sarkin Auyo, Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe shi a 1850 aka naɗa Ahmadu. Shekara na zagayowa Buhari ya dawo ya ƙwace garin da ƙarfin tsiya. A 1853 aka tara masa rundunar Kano da ta wasu masarautu, aka gamu a Kaffur. A lissafin kan mutum da kan doki, bai kamata Buhari ya kai labari ba, amma taron ne ya watse. Yadda ake ba da labarin a Haɗeja, ya faɗo musu ne ta inda ba su zata ba, tsoro ya riga takobi isa gare su.

Kaffur ta nuna abin da Smaldone ke nanatawa game da rundunar gayya: kowane hakimi da tutarsa da mutanensa, kowa na duban abin da zai koma gida da shi, ba mai son ya mutu a yaƙin wani. Buhari kuwa ya jingina ne da bayinsa na amana, irin su Sarkin Arewa Tatagana da Sarkin Yaƙi Jaji, mutanen da arzikinsu da ransu ke ɗaure da nasa. In ana neman abin da ya yi kama da zaratan soja na yau a wancan zamani, a nan za a duba: 'yan kaɗan, kullum a shirye, sun san juna, sun san ƙasar. Sunan da Haɗeja ta yi da guminta ta yi shi, kuma daga baya sunan da kansa ya zama makami, don garuruwa da dama kan watse tun kafin a ga ƙurar dawaki.

Amma wannan runduna ɗin ce ta je Gogaram ta ƙasar Bade a 1863, gari mai ganuwa cikin dausayi, Buhari ya rasa ransa a can. Bayin da suka ɗaukaka shi kuma su suka zama masu naɗa sarki, suka ɗora ɗansa Umaru, wanda bai wuce shekara biyu a kan gado ba. Wannan ma yana cikin abin da littafin ya fi ƙwarewa a kai: duk sarkin da ya gina runduna ta kansa don ya rage dogaro da hakimai, ya ƙara wa fada ƙarfi, ya kuma haifi waɗanda wata rana za su riƙe wuyan fadar.

Babi biyu na bindiga su ne zuciyar littafin, nan kuma nake da ja. Smaldone na ganin cewa daga wajen 1860 bindiga ta fara sauya tsarin mulki, sarakuna na damƙa ta ga bayinsu, 'yan bindiga na zama runduna ta dindindin, sai zuwan Turawa ya katse abin. Hujjarsa tana da ƙarfi a Nupe, tana da ƙarfi in aka dubi Damagaram ta zamanin Tanimu mai igwa, ko yadda 'yan bindigar Rabe suka rusa Barno a 1893 duk da tsohon sunan dawakinta. Sai dai a ganina ya ja zaren fiye da tsawonsa. Da sauyin ya yi nisa haka, da ba a ga abin da aka gani a Kwatarkwashi a 1903 ba, inda Wazirin Kano Ahmadu ya yi ta kai sukuwa da dawaki kan sojan Turawa da ba su kai hamsin ba, har ya kwanta dama a wurin. Manyan ƙasar nan sun mutu a kan doki da mashi a hannu, don a idonsu nan mutunci yake.

Haɗeja ta maimaita wannan a ranar 25 ga Afrilu 1906, bayan rikicin Satiru ya sa Turawa sun ƙudurta ba za su bar wani mai ɗaga kai ba. Kanar Lowry Cole ya zo da ɗaruruwan sojoji da igwa da bindiga mai ruwa. An yi sa'o'i ana gwabzawa cikin gari, Sarki Muhammadu ya faɗi tare da 'ya'yansa da manyan jarumansa, shi ya sa har yau ake ce masa Mai Shahada. Ba wanda ya isa ya ce jarumta ta gaza a ranar. Abin lura shi ne waɗanda suka riƙe bindigogin, yawancinsu Hausawa ne da Yarabawa 'ya'yan talakawa, ba mai kirari a cikinsu, sai horo da albashi da harsashi. Da yake tsarin littafin ya tsaya ne a faɗuwar Sakkwato, mai neman cikakken labarin Haɗeja sai ya haɗa da Three Nigerian Emirates na Victor Low, wanda ya fito a 1972 kan Gombe da Katagum da Haɗeja, aka gina shi kan abin da dattawa suka faɗa da bakinsu.

Akwai wasu kurakuran a littafin Smaldone. Kashi na biyu ya cika kalmomin masana zamantakewa, har mai karatu ya riƙa hamma, kuma aron rigar sarautar gargajiyar Turai da ya yi ya sa wa masarautunmu bai zauna daidai ba. Muryar manomi da aka ƙone wa rumbu da matar da aka kora kasuwar bayi ba ta fito sosai ba, alhali su suka biya kuɗin kowane kirari. Barth, wanda ya ratsa ƙasar Gumel a zamanin Buhari, ya rubuta irin ɓarnar da hare-haren suka yi. Bahaɗeje na da ikon yin alfahari da Kaffur, amma a gabashin Kano da Katagum ba da murmushi ake ambaton sunan ba.

Ga masu gardamar yau, ma'aunin bai tsufa ba. Zaratan Amurka da suka kashe Usama bin Ladan a 2011 suna da gazawar Iran ta 1980 da ta Mogadishu ta 1993 a tarihinsu. A watan Maris na 2012 zaratan Ingila da jami'an Najeriya sun kai samame unguwar Mabera a Sakkwato don ceto Turawa biyu, ba a same su da rai ba. A Oktoban 2020 kuwa na Amurka sun kuɓutar da ɗan ƙasarsu da aka sace kusa da Birnin Ƙonni aka tsallako da shi Najeriya. Kafin a yanke hukunci sai a tambayi abin da Smaldone ke tambaya: a wace ƙasa aka gamu, da wane makami, wa ya kawo labarin sirri, wa kuma ya rubuta labarin bayan an gama.

Littafi ne da ya cancanci wuri a ɗakin karatun kowace makaranta a Jigawa. Kira na ga malaman tarihi da na Hausa, musamman na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, su nemi izini su mayar da shi Hausa, su kuma ƙara masa babin Haɗeja daga Kaffur zuwa 1906 tun akwai sauran dattawan da suka ji labarin daga bakin kakanninsu.