Abokin Kotu da Sanin Lokacin Magana

A fadar sarki, idan shari'a ta yi sarƙaƙiya, akan waiwayi dattijon da ba shi da hannu a rigimar a nemi jin ta bakinsa. Kotunan zamani ma suna da irin wannan mutum, wanda lauyoyi ke kira abokin kotu. Ba ya bayan mai ƙara, ba ya bayan wanda ake ƙara. Alƙali yake haska wa hanya.

A 2002, da jihar Ondo ta ƙalubalanci dokar da ta kafa hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC, Kotun Ƙoli ta saurari manyan lauyoyi a wannan matsayi, cikinsu har da Farfesa Ben Nwabueze da Afe Babalola. Ƙa'idojin shigar da ƙarar tauye haƙƙin ɗan'adam na 2009 kuma sun ba alƙali damar sauraron mutum ko ƙungiyar da ba ta cikin shari'ar.

Abin da ke burge ni shi ne aikin da ake yi kafin takardar abokin kotu ta isa gaban alƙali. Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya tana da reshe a Barnawa da ke Kaduna, kuma duk mai zama tsakanin Kakuri da Sabon Tasha ya san shari'u ba sa ƙarewa: na fili, na haya, na haƙƙin ma'aikatan masaƙun da aka rufe. Ƙungiyar da ta tsoma baki a kowacce, maganarta za ta yi arha. Gwaninta ita ce zaɓe.

A ce tsohon ma'aikacin masaƙa ne ya kai ƙarar kuɗin sallamarsa. Tausayi kaɗai bai isa dalili ba. Lauyan da ya goge zai fara da tambayar ko hukuncin zai tsaya kan mutum ɗaya, ko zai zama ma'aunin da za a auna dubban abokan aikinsa da shi. Sannan ya karanta hujjojin ɓangarorin biyu, ya duba ko akwai wani sashe na doka ko tsohon hukunci da duk suka tsallake. In babu, gara a yi shiru, domin maimaita wa alƙali abin da ya riga ya ji ɓata masa lokaci ne.

Akwai kuma wani wuri mai tsini: lauyoyin ɓangarorin biyu duk 'yan ƙungiyar ne, suna biyan kuɗin shekara-shekara. Shi ya sa mai alaƙa da shari'ar ya kamata ya janye daga zaman shawara, kuma a rubuta takardar ta yadda har wanda ba ta yi wa daɗi ba zai yarda ba a yi masa coge ba. In akwai hukuncin da ya saɓa wa ra'ayin ƙungiyar, shi ma a kawo shi fili, da lambar shafinsa.

Bayan duk wannan wahala, sai a nemi izinin kotu, kuma alƙali yana da ikon cewa ba ya buƙata.